Jar Wayar da Na Ɓoye wa Baba Mai Rewaya

Laifina ne. Gara in faɗa tun yanzu, kada mai karatu ya zauna jiran inda zan wanke kaina, domin babu wurin. Na ɓata sunan dattijon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, na kusa raba shi da abincinsa, kuma duk a kan wata jar wayar wuta da ba ta kai gaba biyu ba, wadda ni na ja ta da hannuna.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin biskit a Challawa, ina tsaron injin da ke naɗe biskit a leda. Gidana yana Panshekara. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da jan ciki na gama, amma na shekara goma a tsaye kusa da inji ina kallon masu gyaran wutar kamfani suna kwancewa suna ɗaurawa. A hankali sai na fara jin cewa bambancina da su sukudireba ce kawai.

Da Allah ya hore mini mota, tsohuwa ce da ta sha hannu, irin wadda in ka rufe ƙofar gaba ta baya take amsawa. Ranar da na karɓo ta ban kai ta gida ba sai da na biya Sharaɗa wurin Baba. Baba mai gyaran wutar mota ne, rewaya kamar yadda muke cewa. Abokin marigayi mahaifina ne, garinsu ɗaya, tare suka shigo birni neman aiki suna samari. Rumfarsa ta kwano tana jikin katangar wani kamfani, da benci ɗaya da akwatin ƙarfe cike da wayoyi masu launi-launi. Motocin kamfaninmu, da bas-bas ɗin da ke ɗauko ma'aikata daga ƙauyuka da motocin kai kaya, shi yake duba wutarsu tun kafin a ɗauke ni aiki. Su ne rabin abincinsa, in ma ba su fi ba.

Ya yi wa motar yini guda. Ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya cire duk ƙulle-ƙullen da masu ita na baya suka yi, ya sa mata fis sababbi. Da na kawo rediyo mai sifika biyu ya sa mini. Da na kawo oda irin ta tirela ya juya ta a hannu ya yi dariya.

Ya ce, "Wannan in ka danna ta a Panshekara ai mutanen Na'ibawa ne za su kauce."

Amma ya sa. Kowanne ya ba shi fis ɗinsa, kuma ya haɗa su ta bayan makulli, yadda in ka kashe mota komai ya mutu tare da ita. Na tafi gida ina danna oda ko akuya babu a hanya.

Ga yadda abin ya fara. A kamfaninmu ba a shiga ɗakin inji da salula. Kowa a bakin get yake ajiye tasa a cikin wani kwali wurin maigadi, wani dogon mutumin Damagaram wanda ba ya ganin Bakano ya ƙyale. A unguwanninmu wuta sai ta ga dama take zuwa, wasu abokan aikin ma daga ƙauyukan da ba a taɓa kafa wa falwaya ba suke tahowa. Salula ta zo a mace, ta yi awa takwas a kwali a mace, ta koma gida a mace. Ga motata kuwa a gindin darbejiya tun shida na safe har biyu na rana, da batir a ciki yana zaman banza. Haka dai na gani.

A kasuwa na samo wata 'yar na'ura, inbata suke ce mata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Na haɗa da soket mai baki shida na kai wa Baba, na yi masa bayani ina murna. Ya saurare ni har ƙarshe.

Ya ce, "Daga gidanka zuwa kamfani tafiyar minti nawa ce?"

Na ce, "Ba ta kai goma ba, Baba."

"To batir kamar randa yake. In ana tafiya ne inji yake zuba masa ruwa. Kai kana zuba moɗa ɗaya da safe, kana so mutum goma su yi wanka kafin azahar. Ba zan sa ba. In salularka ce kai kaɗai, kawo in sa maka caja ta bayan makulli, ka yi caji kana tafiya."

Na ce, "To, Baba," irin "to" ɗin da ake cewa don a samu a tashi.

Ranar Lahadi na buɗe bonet a ƙofar gida. Na kwance ƙusar kan batir, na ɗaura jar waya, na zura ta wata 'yar kafa da ke kusa da sitiyari, na ɓoye inbatar a ƙarƙashin kujera. Fis ban sa ba, domin a ganina fis abu ne mai yankewa ya ɓata wa mutum aiki. Inda na haɗa waya da waya na naɗe da salatef har ya yi kamar yatsa mai ciwo. Maiɗakina ta leƙo daga zaure da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Baba ne ya ce a sa?"

Na ce, "Ya gani."

Ba ƙarya na yi ba, ya gani ɗin. Da irin wannan gaskiyar na rayu wata guda.

Ranar Litinin na zama mutum. Salula shida suka kwanta a kujerar baya, na lulluɓe su da darduma saboda rana da idon mutane, na ɗan sauke gilashi. Da aka tashi kowa ya karɓi tasa a cike. Kafin mako ya ƙare na ƙara soket na biyu a kan na farko. Aka fara kawo fitilun caji. Wani ya kawo rediyon kakarsa. Mai sayar da shinkafa da wake a bakin get, wadda duk muke kira Hajiya, ta kawo fankarta ta caji, daga ranar kuwa namana ya zama biyu ba tare da na nema ba. Sunana ya ɓace, aka koma kirana Injiniya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma har gwada sunan nake yi a bakina in ina tuƙi.

Maigadi kaɗai ne bai yi murna ba, don kwalinsa ya koma na ajiye goro.

Ranar Alhamis ta mako na biyu muka fito, muka yi azahar, na shiga na murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Na sake murɗawa, ta yi ƙyat-ƙyat kamar ƙadangare a kan kwano. Masu saluloli suka zuba su a aljihu suka tura ni, ta tashi, aka yi dariya aka watse. Washegari ma haka. Ranar Asabar ma haka. Daga nan turin ya shiga cikin aikin kullum kamar sa hannu a rajista.

Maigadi yana kan bencinsa yana ɓare goro ya ce, "Bakano, ka sayar da ita ka sayi jaki mana. Shi ko ya ƙi tafiya, dusa kaɗan ta ishe shi."

Na ce, "Ku da kuka saba da jaki ai sai ku ba da shawararsa."

"Mu dai ba mu taɓa tara mutum takwas a bayan jaki ba."

Da yammacin Asabar ɗin na shirya kai motar Sharaɗa. A nan ne na yi abin da ya mayar da wauta ta zama laifi. Na tuna Baba ya hana, na ji kunyar ya gani, sai na kwance jar wayar daga kan batir, na zare ta gaba ɗaya, na haɗa da inbata da soket na zuba a buhu na tura ƙarƙashin gado. Na kai masa mota tsaf kamar ranar da ya ba ni ita.

Baba yana da wani ƙwan fitila da ya haɗa wa waya biyu, ya tsufa har gilashinsa ya yi duhu. Ya kashe motar, ya zare makulli, ya cire kan batir guda, ya sa ƙwan a tsakani. Ya ce in akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, ɓarawo yake ce masa, ƙwan zai kama. Muka zuba ido. Ƙwan bai kama ba. Ya tayar da inji ya auna alteneta, wato abin da ke mayar wa batir wuta in ana tafiya, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya duba fitilar but ko tana kwana a kunne. Ya cire rediyon da ya sa da hannunsa ya sake gwadawa, ya cire odar ya sake gwadawa. Sai ya tsaya yana kallon ƙusar kan batir.

Ya ce, "Ƙusar nan ta yi haske. Kamar ana yawan kwance ta."

Na ce, "Nakan ɗan ƙara ɗaure ta ne, Baba."

"Ka ƙara wa motar wani abu bayan ta bar nan?"

"Ni? Ko kusa."

Bai sa na rantse ba, ni ma ban rantse ba. Wannan kaɗai na tsira da shi.

Ya ce in bar ta ta kwana biyu a wurinsa. Ranar Litinin da yamma na je, ya miƙo mini makulli, murɗawa ɗaya ta tashi kamar an tsikare ta. Na koma gida na jawo buhu daga ƙarƙashin gado na mayar da komai. Ranar Laraba aka tura ni.

Sau uku muna haka. Duk zuwa sai na cire, duk dawowa sai na mayar. A karo na biyu ya canza kawunan batir ya goge su har suna ƙyalli. A karo na uku ya shiga bayan rumfa ya ɗauko batirinsa na gwaji, wanda yake tayar da motocin mutane da shi, ya sa mini, ya ce in riƙe mako guda mu gani ko nawa ne ya gaji. Kwana huɗu na kashe masa shi, na cire na mayar da nawa.

Za a ce, ashe ban gane ba? Na gane, ban gane ba. Can ƙasan zuciyata na sani tun tarin farko. Amma kaina ya samo hujja ya riƙe: yaya za a yi abin da ke shiga aljihu ya kashe abin da sai da hannu biyu ake ɗauka? Ban lissafa fankar Hajiya ba, ban lissafa fitilu ba, ban lissafa cewa ita kanta inbatar tana ci ko ba a jona mata komai ba. Gaskiyar magana, in na yarda jar wayar ce, to Injiniya ya mutu, kuma ban shirya masa jana'iza ba.

Maganar da ta ɓata komai a wurin Hajiya na yi ta, a hutun ƙarfe goma, baki cike da wake. Shugaban direbobin kamfani yana zaune kusa da ni. Mutum ne mai ƙiba, mai son a yi abu a gama, kuma shi yake cewa a kai motar kamfani wuri kaza gyara.

Ya ce, "Injiniya, wai motar nan taka ba wurin Baba na Sharaɗa kake kai ta ba?"

Na ce, "Sau uku ke nan."

"Bai gano ba?"

Da na yi shiru da shi ke nan. Sai na girgiza kai irin na mai tausayi na ce, "Ka san tsufa. Idon ya fara rauni, hannun ma ba kamar da ba. Ƙwan fitila ɗaya yake ta fama da shi tun zamanin iyayenmu."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba. Amma magana a bakin get ba ta zama yadda aka ajiye ta. Bayan kwana biyu na ji wani yana cewa Baba ya daina gani gaba ɗaya, da lalube yake aiki. Bayan kwana huɗu wani direba ya ce dama shi ya daɗe yana zargin ana musanya masa batir a Sharaɗa. Ina zaune aka faɗa. Na buɗe baki, sai na zuba shinkafa a ciki. A ƙarshen makon shugaban direbobi ya ce daga yanzu motocin kamfani Bompai za a riƙa kai su, wurin wani mai gyara da ke duba mota da kwamfuta.

Ranar wata Talata muka tashi ƙarfe biyu. Ina fitowa daga get na ga Baba a zaune a bencin maigadi, da jakarsa ta kayan aiki a kan cinya, suna raba goro. Ya rufe rumfarsa da tsakar rana ya hau adaidaita tun daga Sharaɗa. Na waiga wajen darbejiya. Iska ta ɗage gefen darduma, ga 'yan fitilu kore da ja suna ƙiftawa a kujerar baya kamar shagon caji.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, har ya tambayi iyali.

Ya ce, "Na yi ta tunani. Motar da ke lafiya a Sharaɗa ta mutu a Challawa, ai a Challawa ya kamata a duba ta."

Mutane suka fara taruwa, kowa na son karɓar salularsa. Baba ya ce su ɗauki kayansu su je su yi salla, in sun dawo sa taimaka da turi. Ya ce a bar masa fankar Hajiya a jone. Da suka tafi muka rage ni da shi, sai maigadi daga nesa yana yi kamar ba ya kallo.

Ya buɗe bonet. Jar wayata tana nan a kan batir, da ƙullin salatef ɗinta. Bai taɓa ta ba tukuna. Ya ciro ƙwan nan nasa, ya cire kan batir, ya sa shi a tsakani. Duk da batirin ya galabaita, ƙwan ya kama, da rana tsaka ana ganinsa. Ya sa filaya ya cire jar wayar. Ƙwan ya mutu. Ya mayar, ya kama. Ya cire, ya mutu. Sau uku ya yi, daidai zuwana wurinsa, ban sani ba ko da gangan ne.

Sannan ya bi wayar da yatsa har inda ta shiga kafar nan ta kusa da sitiyari. Ya jawo ta a hankali ya nuna mini. Bakin ƙarfen ya ci robarta saboda yawan zarewa da zurawa, wurin ya yi baƙi, jan ƙarfen ciki ya fara leƙowa.

Ya ce, "Saura ƙiris ta taɓa jiki. Babu fis da zai yanke. Ka san abin da ke bin nan ƙasa?"

Na ce, "A'a."

"Bututun mai."

Na rasa inda zan sa idona. Na jira faɗa, har na fi son ya yi faɗan. Sai ya naɗe wayar a hannunsa ya sa a aljihun rigata.

Da mutane suka dawo daga masallaci, shugaban direbobi yana cikinsu. Ya ce, "Baba, an gano?"

Baba ya ce, "Waya ce ta goge a jikin ƙarfe, an cire ta. Amma cajin nan a haƙura da shi, batirin ba zai ɗauka ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce wa ya sa wayar ba, bai ce ana ɓoye masa ita ba. Aka tura ni turi na ƙarshe, na ce zan kai Baba Sharaɗa, ya ce a'a, batirin yana bukatar doguwar tafiya amma shi ba zai shiga ba, yana da inda zai biya. Ya tari adaidaita ya tafi.

Na ɗauka an gama, Allah ya rufa asiri. Ashe rufin asirin da ya yi mini shi ya ƙara tona shi. Washegari a wurin Hajiya shugaban direbobi ya ce, "Kun gani ko? Waya ɗaya tak, sai da ta kai shi wata guda, har sai da ya biyo mota gida. Mutumin kirki ne, amma aiki ya wuce shi." Kowa ya gyaɗa kai. Maigadi ya kalle ni ta saman kofin shayinsa, kallo mai tsawo. Tun da na san shi ranar ce ya fara ganina bai tsokane ni ba, kuma ta fi kowace tsokana ciwo.

Na yi kwana tara a haka. Motar tana tashi murɗawa ɗaya, ni ne ba na tashi da daɗi. Maiɗakina ta ga buhun ya dawo ƙarƙashin gado ya zauna, ta ga na daina danna oda a ƙofar gida, ta haɗa lissafinta. Ta ce mini kawai, "In ka gama da buhun nan ina son wurin," amma yadda ta faɗa na san ba wurin take so ba.

Ranar Asabar na ce bari in kai masa batirinsa, wanda na sa aka yi wa caji. Da na kusa rumfar sai na rage gudu. Wurin da bas-bas ɗin kamfaninmu ke jeruwa har su tare hanya, babu komai sai wani mai rake da ya samu inuwa. Baba yana kan benci da dutsen guga a cinya, na wata mata, yana gyara mata waya. Mutumin da ke kwance wutar babbar mota ya mayar ba tare da ya duba takarda ba. Ban tsaya ba. Na wuce har shataletale na juyo na koma gida da batirin a but.

Litinin ƙarfe goma na je wurin Hajiya da buhun a hannu. Na bari aka zauna, aka zuba wa kowa, sannan na zazzage shi a kan tebur: inbata, soket biyu, jar waya da tabonta. Na faɗi komai. Na ce Baba ya hana tun farko. Na ce ni na sa da kaina, ba fis. Na ce duk ranar da zan kai masa motar sai na cire na ɓoye, ya tambaye ni na ce ban ƙara komai ba. Na ce batirinsa ya ara mini na kashe, ba musanya ya yi ba. Na ce idonsa ƙalau yake, har hasken ƙusa ya gani.

Sai Hajiya ta sa ludayi ta ɗauke nama ɗaya daga kwanona ta mayar tukunya. Wurin ya fashe da dariya.

Wani ya ce, "Wato mu muke kashe motar, mu muke tura ta?"

Wani ya ce, "Bayana har yanzu ciwo yake, Injiniya!"

Maigadi ya taso daga bencinsa har da tafi. "Alhamdu lillahi! Yau na ga Bakano ya faɗi gaskiya ba a kama shi da kaya ba. A'a, ga kayan ma a tebur."

Shugaban direbobi bai yi dariya ba. Ya ɗauki wayar ya duba tabon, ya ajiye.

Ya ce, "Kai ka san shekara nawa mutumin nan yana mana aiki? Da bakinka na raba shi da motocin nan." Ya ture kwanonsa. "Ni ba ni za ka ba haƙuri ba. Akwai bas ɗin da tirafiketarta ta ƙi tun jiya. In an tashi ni zan tuƙa ta Sharaɗa da kaina, kai kuma ka biyo ni a baya."

Haka aka yi. Bas a gaba, ni a baya, da direbobi biyu da suka ce su ma sai sun gani da idonsu, ɗaya daga cikinsu shi ne mai maganar musanya batir. Baba ya ga bas ta tsaya a gaban rumfarsa, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Shugaban direbobi ya gaishe shi ya ce tirafiketa ce, amma akwai mai magana tukuna.

Na ɗauko batirin daga but na ajiye a gabansa. Na cire takalmi na durƙusa a kan ƙasar rumfar, cikin baƙin mai da guntayen waya. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, sai na faɗi abin da ya zo.

Na ce, "Baba, kun hana ni na ƙi ji. Kun tambaye ni na yi muku ƙarya. Sau uku ina sa ku neman abin da na ɓoye a ƙarƙashin gado. Sannan na je cikin mutane na ce tsufa ya ci aikinku, aka ɗora abin da ya fi haka ina zaune ban hana ba. Kun rufa mini asiri na bari ya zame muku abin magana har kusan mako biyu. Na faɗa musu gaskiya yau, ga su nan su shaida. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah, Baba, ku yafe mini."